Sufacaja a Injin Jirgin Gudu: Yadda Rashin Rabin Litar Fetur a Minti Ya Cinye Fistin na 7

Mako 3 kacal da muka sallami jirgin, sai ga shi an dawo da shi gareji a kan tirela. Mai shi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, muna cikin gudu na ji ƙarfinsa ya karye, sai ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin murfin inji. Nan take na kashe shi." Na tambaye shi tsawon lokacin da ya yi yana danne da totur har ƙarshe. Ya yi ɗan tunani ya ce bai wuce minti 4 ba. Amsar matsalar gaba ɗaya tana cikin wannan minti 4 ɗin, amma sai da na kwana 2 ina lalube kafin na gane haka.

Jirgin na gudu ne, tsawonsa mita 8, ƙasansa mai siffar V. Inji ɗaya ne a cikinsa, MerCruiser 496 MAG HO, V8 mai lita 8.1, wanda ya fito daga masana'anta da ƙarfin doki 425. Ƙarfin yana bi ne ta ƙafar tuƙi, wato akwatin giyar nan da ke rataye a bayan jirgi tana ɗauke da farfela. Tasa samfurin Bravo One X ce, giyarta 1.50 zuwa 1. Farfelar kuwa mai taku inci 24 ce, ma'ana da ruwa daskararre ne, duk juyi ɗaya da ta yi za ta ci gaba da inci 24. A haka injin yana kai juyi 4,900 a minti, jirgin yana yin mil 65 a awa. Lafiyarsa ƙalau, awa 310 ne a agogonsa, kuma da muka gwada matsin silinda 8 ɗin kafin mu taɓa komai, duk sun yi kusa da juna. Mai shi dai yana son ƙarin gudu, ba ya kuma son sauke injin a sa wani, shi ya sa muka ɗora masa sufacaja.

Abin da sufacaja ke yi

Inji ba ya samun ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya shaƙa, domin da ita ake ƙona fetur. Injin da ba a ƙara masa komai ba yana dogara ne da nauyin iskar sararin sama, wanda a gaɓar teku yake psi 14.7 (psi ma'aunin matsi ne), ita ke tura kanta cikin silinda. Sufacaja famfon iska ce da bel ke juyawa daga karanshaf, tana cusa wa injin iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. In aka ƙara psi 5 a kan 14.7, an samu ƙarin matsi na kusan kashi 34 cikin 100. Ba duka ne ke zama ƙarfi a farfela ba, don ita kanta sufacajar tana cin dawakai masu yawa kafin ta juya, iskar kuma tana ɗaukar zafi ta rage kauri.

Dabarar tsohuwa ce. 'Yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, sun yi rajistar famfonsu a 1860 don hura wutar narka ƙarfe, tun ba a san za a ɗora shi a kan mota ba. Daga baya, a shekarun 1930, injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya inganta mai sukurori biyu, wanda ke matse iskar a cikin cikinsa kafin ya sake ta. Akwai kuma na uku mai kama da fanka, wanda matsinsa ba ya zuwa sosai sai inji ya hau juyi. Mu mai sukurori biyu muka zaɓa, saboda yana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, lokacin da jirgi ke fafutukar ɗago ƙirjinsa ya hau saman ruwa, kuma iskarsa ba ta kai ta irin na Roots zafi ba.

Tun ranar farko muka yi maganar gudu da mai jirgin, kuma na ji daɗin da muka yi ta. A lissafinsa, tunda ƙarfi zai tashi daga 425 zuwa wajen 560, wato ƙarin kusan kashi 32 cikin 100, gudu ma zai tashi daga mil 65 zuwa 86. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya biya haka." Ga jirgin da ke gudu a saman ruwa, akwai tsohon lissafi na mai zana jiragen tsere George Crouch, wanda ke nuna cewa in nauyi bai canza ba, sai ka ninka ƙarfi sau 4 kafin gudu ya ninka sau 2. Da wannan ma'aunin, ƙarin kashi 32 na ƙarfi ba zai ba da fiye da kashi 15 na gudu ba. Mil 75 ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce mil 10 ma ba kaɗan ba ne, a yi.

Inda jirgi ya bambanta da mota

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin duk wanda ya taɓa sa sufacaja a mota yakan zo wa jirgi da tunanin mota, kuma tunanin nan ne ke kashe injina. Direban mota in ya take totur har ƙasa, daƙiƙa 10 ko 15 ne, sai ya sa wata giya, ko ya ɗaga ƙafa, ko hanya ta ƙare masa. A babban titi kuwa, motar da ke tafiya a natse ba ta amfani da ko rubu'in ƙarfinta. Jirgi ba shi da wannan hutun. Giyarsa ta gaba ɗaya ce, ba gangara a ruwa, ba sakin mota ta gangara da kanta. Da ka sassauta totur, ruwa ya riƙe ka. Injin jirgi kamar babbar mota ce da aka yi wa lodi har wuya tana hawan tudun da ba shi da ƙarshe. Duk wani ɗan rauni da mota za ta ɓoye shekara da shekaru, jirgi zai tone shi cikin mintuna.

Ga wani bambancin kuma da mutane ba su cika sani ba. Salansar jirgi jiƙaƙƙiya ce, ana zuba ruwan sanyaya inji a cikinta ya fita tare da hayaƙi. Saboda haka injinan jirgi na zamanin wannan injin da yawa ba su da na'urar da ke sansanar iskar oksijin a hayaƙi, irin wadda ke gaya wa kwamfutar mota cewa fetur ya yi kaɗan. Kwamfutar wannan injin tana duba matsin iska da zafinta da juyin inji, sai ta buɗe nozul, wato bakin da ke fesa fetur, na tsawon lokacin da aka rubuta mata. Ta ɗauka ne kawai cewa fetur yana nan a bayan nozul da matsin da ya kamata. In babu, ba ta da hanyar sani.

Aikin farko

Kayan da aka kawo cikakku ne, ba ni da abin da zan ce a kansu. Akwai sufacajar da fulinta na psi 5, da masanyayar iska da ke zama a ƙarƙashinta, da nozul 8 manya, da famfon fetur mai matsi, da ɗan tankin ajiya mai cin lita 1 wanda famfon ke sha daga cikinsa, da sabon tsarin da aka rubuta wa kwamfuta. Masanyayar ita ce gatan da jirgi ya fi mota da shi, don ruwan da yake tafiya a kai shi ne ke ratsa ta, sanyi kyauta ba iyaka. Kuma ana bukatarta. Iskar da ta shiga da zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, in aka matse ta zuwa psi 5, takan fito tana neman digiri 65 zuwa 70, kuma iska mai zafi ita ce ƙawar ƙwanƙwasa, wato fashewar fetur da kansa a cikin silinda.

Mun sa filogi masu saurin zubar da zafi, muka rage tazarar bakinsu don kada matsi ya hure tartsatsin. Mun mayar da garkuwar wuta a bakin shan iska, wadda ke hana harshen wuta fitowa cikin ɗakin inji in ya yi tari. Mun faɗaɗa ƙofofin iska na ɗakin, tunda injin lita 8.1 a juyi 5,000 yana neman iska wajen lita 20,000 a minti tun kafin a ƙara masa matsi. Na jaddada wa mai jirgin cewa daga yau sai fetur mai oktan (wato juriyar ƙwanƙwasa) 91 a ma'aunin Amurka, kusan 95 ke nan a ma'aunin Turai. Da tsohuwar farfela injin ya riƙa dukan iyakar juyinsa kwamfuta tana yanke shi, sai muka koma mai taku 28, juyi ya zauna a 4,900.

Ranar gwaji ruwa kwance yake. Na ɗaura gejin matsin fetur na wucin gadi, yarona yana riƙe da shi yana karanta mini. An saita matsin a psi 43, kuma tunda yana hawa da psi 1 duk lokacin da matsin iska ya hau da psi 1, a cikakken totur ya kamata ya nuna 48. Sau 3 muka buɗe shi har ƙarshe, kowanne wajen daƙiƙa 30. Kowane karo yaron yana ɗaga murya, "Maigida, 48, bai motsa ba." Mil 75 cif. Muka cire geji, muka rufe murfi, muka miƙa makulli.

Kuskuren a nan yake, kuma nawa ne. Na bayyana wa mai jirgin da bakina cewa jirgi ba mota ba ne, sannan na gwada jirginsa gwajin mota.

Abin da muka gani a ciki

Filogi muka fara cirewa, muka jera su a kan benci bisa lambarsu. Guda 6 sun yi fari fiye da yadda nake so, na 5 ya fi su fari, amma na 7 shi ya tsayar da ni. Farin tangaran ɗinsa ya yi tas kamar ba a taɓa ƙona komai a kansa ba, sai wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe da masu ƙyalli kamar an barbaɗa masa yashi, ƙugiyarsa kuma ta fara narkewa a baki. Masu ƙyallin nan alminiyon ne, naman fistin ne da ya narke ya manne. Da muka gwada matsi, sauran silindar suna tsakanin psi 150 da 160, ta 7 ta tsaya a 60. Na hura mata iska ta ramin filogi, na kai kunnena bakin wurin zuba baƙin mai, sai na ji iskar tana fita ta can tana huci. Ta ƙasa take zurarewa ke nan, ta gefen fistin, ba ta bawul ba.

Da muka ɗaga kan injin, gefen fistin na 7 ya ɓalle, wani yanki kamar faɗin babban yatsa, daidai saman ringi na farko. Saman fistin ɗin ya yi ƙuraje kamar an caccaka shi da allura. Na ciro ringin na duba bakunansa biyu a haske, sai na ga sun yi sumul suna sheƙi. Ringi ana barinsa da 'yar tazara tsakanin bakunansa don in ya yi zafi ya samu wurin miƙewa. Wannan ya yi zafin da tazarar ta rufe, bakunan suka haɗu suka goge juna, da ya rasa inda zai je sai ya tankware ya ɓalle gefen fistin. Hayaƙin da mai jirgin ya gani, matsin silinda ne da ya zurara cikin ƙasan inji ya turo tururin mai waje.

Ƙwanƙwasa ce ta yi wannan aikin. A ƙonewa mai kyau, filogi ne ke kunna wuta, ta bazu a hankali ta tura fistin. In zafi ya yi yawa ko fetur ya yi kaɗan, ragowar haɗin da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, fashewar ta daki fistin kamar guduma, ta kuma kore siririn labulen iskar da ke kare ƙarfe daga wuta. A mota kana iya jin ta, kamar tsakuwa a gwangwani. A jirgi mai gudun mil 75, ga ƙarar salansa, ga iska, ga dukan ruwa, babu kunnen da zai ji. Fistin na wannan injin kuwa na zubi ne, mai kyau ƙwarai ga aikin da aka yi shi dominsa, amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ba laifin injin ba ne. An ƙera shi ya ba da 425, kuma ya yi awa 310 yana bayarwa ba tare da ya yi tari ba.

Sanin cewa ƙwanƙwasa ce bai isa ba, sai an san abin da ya kawo ta, in ba haka ba sabon fistin ma hanyar zai bi. Na fara zargin fetur. Mai jirgin ya tabbatar mini mai oktan 91 ya sha, muka ɗebo daga ƙasan tanki a kwalba muka bar shi ya kwanta, babu ruwa, bai kuma rabu gida biyu ba kamar yadda fetur mai haɗin etanol ke yi in ya tsotsi danshi. Na koma kan masanyayar iska, ko ciyawa ta toshe mata hanyar ruwa. A buɗe take. Na kai nozul 8 ɗin aka gwada feshinsu, duk daidai, har da na 7. Lokacin kunna wuta ma yana inda aka rubuta shi. Kwana 2 ke nan, komai yana cewa ba ni ba ne.

Bokiti da agogo

Da dare ina sake juya maganar, sai kalmar mai jirgin ta dawo mini: minti 4. Mu kuwa daƙiƙa 30 muka yi. Mene ne zai iya zama lafiya a daƙiƙa 30 ya lalace a minti 4? Sai ɗan tankin ajiyar nan mai lita 1 ya faɗo mini a rai.

Da safe na cire tiyon da ke cika shi, na sa bakinsa a bokiti mai ma'auni, na ce wa yaron ya riƙe agogo. Muka kunna ƙaramin famfon da ke jawo fetur daga babban tanki, murfin inji a buɗe, na'urar kashe gobara a kusa. Fetur ɗin ya fito, amma ba da ƙarfin da na zata ba, yana zuwa yana ɗan numfashi, da ƙananan kumfa a cikinsa. Minti ɗaya ya cika, yaron ya ce, "Tsaya." Lita 2.8. Muka sake har sau 3, bai canza ba. A awa ɗaya wajen lita 170 ke nan.

Sai na zauna da takarda. Injin fetur da ba shi da sufacaja yana shan kusan rabin laba na fetur a awa kan kowane doki. Ga 425, wajen lita 130 ke nan a awa. Hanyar da ke kawo 170 ta ishe shi har da rara, shi ya sa awa 310 ba a taɓa jin komai ba. Injin da aka ƙara wa matsi kuwa ya fi haka sha, wajen laba 0.6 kan kowane doki, don da gangan ake ba shi fetur fiye da abin da zai ƙone, ragowar tana sanyaya silinda. Ga 560, lissafin ya kai wajen lita 205 a awa. Ana cire 205, ana zuba 170. Gibin lita 35 ne a awa, ɗan sama da rabin lita a minti. Tankin ajiya mai lita 1 zai rufe wannan gibin na kusan minti 1 da daƙiƙa 40. A daƙiƙa 30 na gwajinmu ko rabinsa bai sauka ba, da mun sassauta kuma sai ya sake cika. Geji ya faɗi gaskiya, 48 ne. Ba mu dai tsaya mun ji ƙarshen maganarsa ba.

Bayan tankin ya ƙafe, babban famfo sai ya fara haɗawa da tururi, matsi ya faɗi. Adadin fetur da nozul ke fesawa ya dogara ne da bambancin matsin da ke bayansa da wanda ke gabansa. In matsin fetur ya sauka zuwa wajen psi 34 alhali akwai psi 5 na iska a gaba, bambancin ya koma 29 maimakon 43, feshin kuma ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Haɗin da aka tsara ya zama awo 11.8 na iska kan awo 1 na fetur sai ya koma wajen 14.4. Wannan haɗin lafiya lau ne ga motar da ke tafiya a natse, har ma kusan shi ake nema. Ga injin da ke ƙarƙashin matsi a cikakken lodi, wuta ce. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, a daidai lokacin injin ba ya nuna alamar ciwo. Yakan ma yi kamar ya ƙara lafiya, muryarsa ta washe, har sai fistin ya sallama. Fiye da minti 2 ya yi a haka. Silinda ta 7 tana can ƙarshen layi ta baya, ita ta fara faɗuwa, ta 5 tana biye da ita.

Muka bi hanyar fetur daga tanki taki-taki. Tiyon na asali ne mai faɗin inci 3/8. Filtar da ke raba ruwa da fetur ta kwana biyu ba a canza ta ba. A bakin tanki kuma akwai wani ɗan bawul da bai fi tsawon yatsa ba, mai ƙwallo da sifirin a ciki, wanda aikinsa shi ne hana fetur tsiyayewa da kansa cikin ƙasan jirgi in tiyo ya fashe. Na kwance shi na ɗaga shi sama, ramin da fetur ke bi ta gefen ƙwallon ɗan ƙarami ne, ga wata dauɗa mai kama da danƙo ta ƙara matse shi. Dawakai 560 duk ta wannan ramin suke shan ruwa.

Gyara na biyu

Yarona ya ce a cire bawul ɗin kawai a huta. Na ce a'a, kuma ina so duk wanda ke karanta wannan ya ji a'ar nan da kyau. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zuba ƙasa iska ta kwashe shi, a jirgi kuwa ƙasan rufe yake kamar kwano, nan zai taru ya jira tartsatsi ɗaya. Dalilin da ya sa ake kunna fankar ɗakin inji minti 4 kafin a tayar da inji ke nan. Ba a sayen gudu da ran mutanen da ke zaune a jirgi. Muka sa wani bawul ɗin irinsa mai babban rami, muka canza bututun da ke cikin tanki da tiyon duka zuwa rabin inci, tiyo na jirgi mai jure wuta, da babbar filta, da famfon jawowa da ya fi na da. Muka koma kan bokiti. Wannan karon ya haura lita 4.5 a minti, ba kumfa.

Injin kuwa sai da aka sauke shi. Tunda an riga an buɗe, na ba da shawarar a canza fistin 8 ɗin duka zuwa na ƙira, waɗanda aka buga aka matse maimakon zubawa, masu ɗan rage matsin silinda ƙasa da na asali, wanda yake 9.1 kan 1, a kuma buɗa tazarar ringi ta dace da zafin da zai riƙa gani. Haka masana'antu ke yi in za su fitar da inji mai sufacaja tun daga gida. Kamfanin Mercury Racing da ya yi 600 SCi, injinsa mai sufacaja mai lita 8.2, tun daga fistin har hanyar fetur an tsara su ne da sanin cewa matsi na zuwa. Mai jirgin ya tambaye ni ko da ya yi haka tun farko da abin bai faru ba. Na ce masa gaskiya, da fistin ɗin ya fi daɗewa kafin ya karye, amma da ƙishirwar nan ko na ƙira sai ya narke. Kuɗin aikin hannu na wannan zagayen ban karɓa ba.

Abu biyu na ƙara waɗanda ya kamata a ce suna nan tun farko. Na ɗaya, gejin matsin fetur na dindindin a gaban direba, da ƙararrawar da ke kuka in matsi ya sauka alhali akwai matsin iska. Na biyu, na sa na'urar auna haɗin iska da fetur a wuyan salansa, can sama inda ruwa bai riga ya haɗu da hayaƙi ba, don in ga da idona abin da kwamfutar ba ta gani.

Gwaji na biyu mai jirgin da kansa ya riƙe sitiyari. Bayan awannin da sabon ringi ke bukata ya zauna, muka nemi dogon ruwa muka buɗe shi. Minti 1, 48. Minti 2, inda a da tankin ajiya ke ƙafewa, na kasa ɗauke ido daga allurar, 48. Haɗi yana wasa tsakanin 11.6 da 11.9. Muka kai minti 6, na taɓa kafaɗarsa ya sassauta. Na kashe injin nan take ba tare da barinsa ya yi zaman banza ba, na ciro filogi na 7 da na 5 da zafinsu. Launin ƙasa-ƙasa mai haske, ba ɗigo ko ɗaya. Gudun ya tsaya a mil 74, mil 1 ya tafi wurin rage matsin fistin da ɗan jinkirta wuta da muka yi, kuma bai ce komai a kai ba.

Sauran abubuwan da suka biyo baya ƙanana ne in aka kwatanta. Bayan makonni ya ga wani farin kumfa kamar madara a murfin baƙin mai ya tsorata, ya ɗauka gaskit ne. Ba shi ba ne. Injin yana gudana da sanyi sosai saboda bawul ɗin zafin da aka sa mai saurin buɗewa, man ba ya kai zafin da zai kore danshin da ke taruwa a cikinsa. Muka sa wa masanyayar mai nata bawul ɗin, man ya riƙa kai kusan digiri 100, kumfan ya ɓace. Sitiyarin waya ma muka canza shi zuwa na haidirolik, don a mil 74 jirgin ya fara rangaji daga gefe zuwa gefe, kuma ɗan wasan da ke cikin waya yana ƙara masa.

Ƙafar tuƙi ce har yanzu ban natsu da ita ba. Bravo One X an ƙayyade ta ne ga doki 450, mu kuma muna tura mata fiye da 500, da ƙarfin murɗa mai zuwa tun daga ƙasa. Ƴar'uwarta XR ita ce aka yi wa har 600. Na faɗa wa mai jirgin ba ɓoye-ɓoye, ya ce a bar ta zuwa ƙarshen kakar nan. To, sai muka yi yarjejeniya. Ba fizgar totur daga tsaye, a hau saman ruwa a hankali. In jirgi ya yi tsalle a kan igiyar ruwa farfela ta fita, a janye totur kafin ta koma, domin farfelar da ta yi gudu a iska ta dawo ta cafki ruwa, haƙoran giya ne ke karɓar dukan. Kuma duk awa 25 ya kawo ta in zubar da man giya in duba.

Ya kawo ta a karo na farko makon jiya. Na kwance marfin zubar da mai, wanda ke da maganaɗisu a bakinsa, na goge shi a farar takarda. Ƙura ce baƙa mai laushi kamar kwalli, irin wadda kowace giya ke zubarwa, na murza ta tsakanin yatsuna ban ji tsini ba. Na rubuta kwanan wata da awannin inji a jikin takardar, na sa ta a aljihun tebur don in gwada ta da ta gaba. Yana tsaye a bayana yana kallo, ya ce, "Malam, in ka ga mai ƙyalli fa?" Na ce, "Ranar nan jirgin ba zai koma ruwa da wannan ƙafar ba, ranka ya daɗe." Ya gyaɗa kai, ya ce in fara nema masa XR ɗin tun yanzu.